Shafin da Aka Ƙunso Min Ƙosai a Ciki

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa. Sunana Rumaisa daga Kabara. Kunya ce ta hana ni bugo waya.

Ni littattafan soyayya nake karantawa, amma bara mai hayar littattafai na layinmu ya ba ni littafin labari mai zanen hotuna na yadda wani saurayi marini ya zama jarumi mai tashi sama. Kashi huɗu aka buga. Na huɗun ya ƙare ya faɗa rijiyar rini yana nutsewa, masoyiyarsa tana ƙwala masa kira. Mai hayar ya ce na biyar bai taɓa fitowa ba.

Ranar Asabar na sayo ƙosai a Sheshe. A jikin takardar ƙunshin sai ga zanen saurayin ya fito daga rijiyar, shuɗi har gira, yana kallon masoyiyar tasa. Ashe an buga! Amma maiƙo ya cinye maganar da ya faɗa mata.

Don Allah masu sauraro, mai kashi na biyar ya ara min. Shekara guda na yi ina jiran fitowarsa. Yanzu abin da ya ce mata kawai nake son ji.