Gudumar Fergus

Kafin in gai da kowa, an ɗora mini nauyin wata muhimmiyar sanarwa. Ƙaramar gudumar nan mai jan ƙota, wadda ta ɓace daga rumfar gyara shekaru da dama, aka zargi masu shara, aka zarge ni, ta bayyana. Noeleen ce ta tsince ta a aljihun rigar aikin mijinta Fergus. An rufe bincike. Wanda ake tuhuma ya riga mu gidan gaskiya.

Mai girma Kwamanda, Fasto, tsofaffin abokan aiki, maƙwabta na nan Rockingham. Noeleen, Bronte, da dukkan iyalin Fergus Tolhurst: sannunmu da wannan rashi.

Ni ne wanda Fergus ke kira Farfesa, don ya taɓa kama ni da littafi marar hotuna. A jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku na yi aiki. Shi kuwa matuƙin ƙaramin jirgin ceto ne, wanda za a sauke mana idan namu ya kwanta a ƙasan ruwa ya kasa tashi.

Shekaranjiya Noeleen ta tsayar da ni a bakin ƙofarta ta ce, "Farfesa, kada ka yi mini daɗin baki. Kirsimeti nawa ya bar mu, ranar da na haifi Bronte ma yana teku. Ya taɓa ceton mutum ko ɗaya?" Na ce ta ba ni zuwa yau.

Noeleen, bai taɓa ba. Jirginmu bai taɓa maƙalewa ba. Duk saukar da ya yi, atisaye ne.

Ya kasance mutum mai taurin kai, wannan duk mun shaida. Ya kasance mai gasa nama har ya koma gawayi, ya kuma tsaya a kanka sai ka cinye. Ya kasance kuma mai wata al'ada da muka yi shekaru muna yi wa dariya. A yawancin atisaye, farantin ƙarfe kawai ake ajiyewa a ƙasan teku a madadin ƙofar jirgi. Fergus zai sauka a kansa, ya manne, ya zuƙe ruwan da ke tsakani, sai ya fito da gudumar nan ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne yana jira. Ba komai a ƙarƙashi sai yashi.

Nakan ce masa, "Mutumina, kifi ya ce ka shigo?"

Shi kuma ya ce, "Ya ce in gaishe ka, wai ya fi ka iya iyo."

Sau ɗaya kawai ya amsa mini ba wasa. Ya ce, "Wanda ke ƙasa ba ya ganin fitilata, ba ya jin muryata, ƙarfe kawai yake ji. Ba na so ranar da akwai mutum a ƙasa hannuna ya manta."

Wata shekara aka yi atisayen da jirginmu. Muka kwanta a ƙasa, aka rage wuta, sanyi ya shigo. Kowa ya san wasa ne, amma hira ta mutu da kanta. Can sai muka ji ƙarfe ya yi magana a saman kanmu. Mai dafa mana abinci, ƙato, ya juya baya yana share ido. Na ɗauki sifana ta kwance noti na buga ƙarfen, na amsa. Da murfi ya buɗe, Fergus ya leƙo ya ce, "Yau dai kifi ya amsa."

Ga sauran amsarki, Noeleen. Mun yi sallama da matanmu mun nutse, mun yi barci a ƙarƙashin ruwa, don mun san akwai wani mai taurin kai a sama da zai zo ya ƙwanƙwasa. Kirsimetinku ne ya saya mana wannan barcin, kuma ba mu taɓa zuwa mun gode miki ba. Bronte, ranar da aka haife ki yana tsaron iyayen wasu yaran. Ki yafe masa, ki yafe mana.

Zuciyarsa ta tsaya yana ba bishiyar lemo ruwa. Yanzu mu ne a sama, kuma babu jirgin da zai kai inda ya sauka.

Mun gode wa duk wanda ya zo, da matan da suka cika teburin nan. Kwamanda ya yarda guduma ta zauna wurin Noeleen. Allah ya ji ƙan Fergus, ya sa inda ya ƙwanƙwasa a buɗe masa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Na sha cewa ƙofar da babu kowa a bayanta yake bugawa. Ku dubi ɗakin nan. Ni ne na yi kuskure.