Karkatattun Kunyoyin Fassi

A tashar Rano, wani dattijo mai jiran motar Kibiya ya ƙura wa sabuwar garmar mutumin da ke gefensa ido.

"Malam, wannan riƙon ba na manomi ba ne. Kamar ka rungumi bindiga."

"Da bindigar na saba, Baba. Fassi za ni huɗa."

Dattijon ya kwashe da dariya. "Garinmu ke nan. Allah ya sa ka fi sojan nan da ke zuwa gonar marigayi Ja'afaru duk damina. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma kunyoyinsa kamar sawun maciji. Yana juya baya muke taruwa mu gyara, kada uwar yaron ta rasa dawa."

"Ai ni ne sojan, Baba. Tare da Ja'afaru muka je yaƙi."

Dattijon ya kama baki. "Ka yafe mini, ɗana."

"Ba komai, shi ya tsara haka. Ranar da zai cika ya ce mini, 'Kai dai je ka fara. Mutanen Fassi ba sa iya ganin karkatacciyar kunya su wuce.'"

Dattijon ya jima yana girgiza kai.

"Ja'iri, Allah ya jiƙansa. Yana kwance yana sa mu gayya. Kawo garmar in nuna maka riƙo."