Gidan da Kakata Ta Yi Bauta

Assalamu alaikum Anti mai gabatar da shiri. Daga unguwar Mansur nake rubutowa, nan Makka. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, akwai wani saurayi ɗan unguwar Utaibiyya da nake so, irin son da ke cikin littattafan da nake karantawa. Ranar Juma'a muna wucewa na nuna wa Kaka gidansu, wai ƙofar ce ta burge ni. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ya binti, 'yata, nan na yi bauta. Da aka 'yanta mu, ubangidana hukuma ta biya diyya. Ni da kayan jikina na fita."

Ubangidan nan kakansa ne, Anti, kuma shi bai sani ba. In gaya masa, ko in haƙura da shi? Na so in yaga takardar nan, amma zan ba yayata ta aiko muku.