Hoton Ciwo

Ina da halin barcin ƙarya a mota, don kada a ce in matsa. Shi nake yi a tashar Bunguɗu, wata mata da wani dattijo na hira a bayana.

"Asibiti za ki, 'yar nan?"

"Ofishin taimakon naƙasassu, Baba, zuwa na huɗu. Ciwon jiki ya raba ni da keken ɗinki, likita kuma ya ce bai ga komai ba."

"Ina ke ciwon?"

"Jiya kafaɗa, yau ƙugu."

"Ashe ɗan yawo ne! Me suka ce?"

"Wai in kawo hoton naƙasar. Mai hoto ya ce, 'Hajiya, ina zan ɗauka?' Na ce ko'ina."

"Ki je musu ranar da ya tashi mana."

"Ranar ko daga tabarma ba na iya tashi. Ranar da na iya zuwa kuma su ce ga ni garau."

"Wanda ya ƙirƙiro zancen hoton nan, Allah ya ɗanɗana masa na kwana ɗaya!"

"Rabin yini ma ya ishe shi, Baba."

Ni na ƙara sharaɗin hoton a fom ɗin ofishin, lokacin ina aiki a can, shekarar da aka ba mu jiha.