Kawu Gali Ya Danna Sau Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Maikuɗi Yelwa, iyayenmu masu riƙe da sarauta da suka karrama mu da halartarsu, malamanmu da suka koya mana karatu tun ba mu san allon kwamfuta ba, likitan dabbobi na ƙungiyar makiyayanmu, Dakta Naziru, iyayenmu mata, 'yan'uwana masu rubuta manhaja na ƙasar Katagum, da waɗanda suka taso daga Disina da Dagauda tun da sassafe, har da ku na can baya da kuka shigo don kun ji sanyin fanka, ban manta da ku ba. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Bara'atu, kuma ina godiya da aka ba ni wannan lasifika. Ina godiya ta musamman domin shekara huɗu ke nan ina wannan sana'a a cikin garin Azare, amma yau ce rana ta farko da zan yi maganarta da Hausa, a gaban mutane masu fuska. Abokan aikina suna ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, sunayensu kawai na sani. Maƙwabtana kuwa, idan aka tambaye su aikina, sai su ce, "Ai danne-danne take yi." Ba su yi ƙarya ba. Ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, fanka ɗaya, da ni. Wani lokaci sai an kira la'asar nake tuna cewa tun safe ban buɗe baki na yi wa kowa magana ba.

An ce in yi bayani kan abu biyu, ban-ruwan shafin intanet da gwajin da na'ura ke yi mana. Zan yi, amma ku yi mini afuwa, ba zan iya raba bayanin da labarin kawuna ba, domin a kansa na koye shi.

Abu na farko, ga iyayenmu da ba wannan ce sana'arsu ba. Idan ka buɗe shafi a wayarka, akwai wata babbar kwamfuta a nesa, muna ce mata saba, ita ke shirya shafin ta aiko maka. Muna son mutum ya ga abu da wuri, don haka muke sa sabar ta fara aiko da siffar shafin: rubutu, gurabun cikewa, da madannin da aka rubuta wa "Aika". Daga baya sai wani ƙunshi mai nauyi ya biyo, wanda muke rubutawa da yaren JavaScript, shi ne ke sa madannin ya san abin da zai yi idan an taɓa shi. Isowar wannan ƙunshi da haɗuwarsa da shafin ita nake kira ban-ruwa. Kafin ya iso, shafin kamar famfo ne da aka kafa aka yi masa fenti, amma ba a jona masa bututu ba. Kana ganinsa, kana murɗa shi, ba abin da zai zubo. A cikin gari tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa yawancinmu ba mu taɓa lura da ita ba.

Abu na biyu, gwaji. Mai rubuta manhaja ba zai iya zama kullum yana danna kowane madanni da hannunsa ba, sai ya rubuta umarni, na'ura ta riƙa buɗe burauza, wato manhajar duba shafuka, da kanta, ta cike gurabu, ta danna, ta duba ko abin da ake so ya faru. In ya faru ta nuna kore, in bai faru ba ta nuna ja. Wallahi ina son wannan aiki, ban ɓoye muku ba. Ga wadda take aiki ita kaɗai, babu mai duba mata, babu mai ce mata sannu, wannan layin korayen alamomi shi ne abokin shawara. Kowace safiya da shi nake fara gaisawa.

To, bara waccan ƙungiyar makiyaya ta nemi in yi mata shafin da makiyayi zai sanar da likita idan dabbarsa ta kwanta. Na yi murna ƙwarai, domin karon farko ke nan da zan yi abin da mutanena za su taɓa da hannunsu. Gurabu uku kacal na sa: suna, wuri, da abin da ke damun dabba. Na rubuta masa gwaji ɗari biyu da goma sha huɗu, dukansu kore. Na ce a raina, Bara'atu, wannan karon kin yi abin kai.

Mutum na farko da na koya wa shi ne Kawu Gali, ƙanen mahaifiyata, wanda rugarsu ke bayan Disina. Shi ya riƙe ni bayan rasuwarta, shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu lokacin da dangi ke cewa ya isa haka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bakinsa bai taɓa furta Bara'atu ba, Inna yake ce mini tun ina rarrafe. Ya zo kasuwa, ya biyo ta ɗakina, na zaunar da shi na nuna masa. Ya danna, saƙo ya shigo kwamfutata nan take. Ya yi dariya har da riƙe haɓa, ya ce, "Inna, yanzu wannan ya isa wurinki ke nan?" Na ce, "Kawu, duk ranar da ka danna, ni ce zan fara gani, kafin likita ma." Jama'a, ku riƙe wannan magana, domin da bakina na faɗe ta.

Wata biyar suka wuce. Saƙonni na shigowa daga cikin gari da bakin titi, amma daga rugage shiru kake ji. Ni kuwa, maimakon in tashi in je in duba, sai na zauna ina jin haushi. Na ce ai dama, mutanena ba su ɗauki aikina a bakin komai ba. Har kawun nawa na saka a ciki, Allah Ya yafe mini. Na duba gwajina na ga kore, na ce laifin ba nawa ba ne, na ci gaba da zamana.

Wata ranar kasuwa Dakta Naziru ya kira ni, ga shi nan zaune zai shaida. Ya ce, "Injiniya, ashe ciwon huhu ya shiga garken kawunki, ba ku faɗa mini ba? A kara na ji, wurin masu cinikin shanu." Kafin ya gama magana na sa hijabi. Na hau mota zuwa Disina, na hau acaɓa zuwa ruga. Shanu bakwai suka kamu, huɗu sun mutu, a ciki har da jar saniyar da mahaifiyata ta bari, wadda yake kiwata mini shekara da shekaru, bai taɓa yarda a yi cinikin ko ɗan maraƙinta ba.

Na same shi a gindin bishiya yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Sannu da zuwa, Injiniya." Injiniya ya ce, ba Inna ba. Na ce, "Kawu, me ya hana ka sanar da ni?" Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini wayarsa. Shafina ne a buɗe, yadda ya bar shi kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Ga sunansa, ga sunan rugar, ga abin da ya rubuta da haruffansa na mai koyo: shanu suna tari, har da ta Inna. Ya ce, "Na danna." Na ce, "Da ka ji shiru fa, don me ba ka kira ni ba?" Ya ce, "Kin ce ke za ki fara gani. Wanda ya gani ya yi shiru, ai ba a bin sa da kira."

Ku da kuka san mutanenmu kun san wannan ba taurin kai ba ne. Kunya ce da aka raine su da ita. Dattijo irinsa ba ya roƙon abu sau biyu, ballantana a wurin 'yar da ya goya. Ya nema sau ɗaya, ya sa waya a aljihu, ya yi ta jiƙa saiwoyi yana ɗura wa shanu, yana duban hanya. Yana can yana cewa na gani na share shi, ina nan ina cewa ya raina aikina, tsakaninmu tafiyar da ba ta kai awa biyu ba.

Akwai abu na uku da ba a ce in faɗa ba, shi ne abin da na gano a wurin, kuma 'yan'uwana masu sana'a, a nan nake so ku buɗe kunne. A rugar babu sabis sai a kan wani tudu kusa da tsamiya. Kawu ya hau tudun, ya buɗe shafin, ya ga ya fito tsaf da madanninsa. Ganin haka sai ya sauko ya koma cikin garke, don ya duba da idonsa waɗanda suke tari kafin ya rubuta, domin shi ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. Saukowarsa ke nan sabis ya yanke, siffar shafi ta iso, ƙunshin da zai raya ta bai iso ba. Ya cike, ya danna, madannin ya ɗan lotsa kamar na gaske, bai nuna masa kuskure ba, bai ce masa dakata ba. Na hau tudun da kaina na gwada, na sauko na danna, na sake dannawa, na yi ta dannawa kamar mahaukaciya, matan ruga suna leƙe na.

Ina gwajina ɗari biyu da goma sha huɗu suke? Suna nan kore shar. Domin na'urar da ke gwajin tana zaune ne a inda intanet ba ya yankewa, kuma ni da hannuna na rubuta mata cewa ta jira shafi ya kammala kafin ta taɓa komai. Na ƙirƙiri mai gwaji da ya yi kama da ni: mai zama wuri ɗaya, mai sabis, mai sake dannawa idan bai ga amsa ba. Ban ƙirƙiri wanda ya yi kama da kawuna ba. Kore ba ta yi mini ƙarya ba, tambayar da na yi mata ita ta amsa.

Da na dawo Azare na rubuta gwaji na ɗari biyu da goma sha biyar. Na umarci na'ura ta buɗe shafin da sabis mai rauni, da zarar siffa ta iso ta katse intanet, ta cike gurabu, ta danna sau ɗaya tak, kada ta ƙara, sannan ta duba ko an gaya wa mutumin gaskiyar halin da saƙonsa ke ciki. Na sa wa gwajin suna Kawu Gali. Na kunna shi, ya fito ja. Na daɗe ina kallon jan nan, don shi ne abu na farko a ɗakin da ya faɗa mini laifina.

Gyaran bai ɗauke ni kwana uku ba, kuma wannan shi ya fi yi mini ciwo. Yanzu madannin yana zuwa da aikinsa tare da siffar shafin, ba ya jiran wani ƙunshi kafin ya yi aiki. Idan babu sabis, wayar da kanta za ta nuna cewa saƙo bai tafi ba. A saman shafin an rubuta da manyan baƙaƙe: in ba ka sami amsa ta saƙon tes ba, ba mu gani ba, ka sake aikowa, ba roƙo ba ne. Saboda haka ina roƙonku, don Allah, don Annabi, kada ku nuna wa mutum madannin da bai shirya ba. Ku sa na'urarku ta yi gwaji da mummunan sabis, ku sa ta yi gaggawa, ku sa ta yi kunya. Kuma idan kuka ga shiru daga wani yanki, kada ku fassara shirun daga kan kujera, ku hau acaɓa ku je.

Na koma rugar sau uku in yi masa bayani. Na zana masa a ƙasa da tsinke, ga tudu, ga saba, ga ƙunshin da bai iso ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ba komai, Injiniya, haka Allah Ya so." Na san ya yafe, domin shi ba ya riƙo. Amma sunan Inna bai dawo bakinsa ba. Yau makiyaya da yawa suna amfani da shafin, likita yana isa kan lokaci, kuma kowace safiya in na buɗe kwamfuta ina ganin layi guda da ke cewa Kawu Gali, ga koriyar alama a gefensa. Shi ne kawai Kawu Galin da ke amsa mini kullum.

Kun ga kujerar can ta layin gaba, kusa da Dakta, wadda ba kowa a kai? Ni na roƙi shugaba a bar ta. Wannan karon ban aika ta waya ba, da ƙafata na je na gayyace shi, ya ce in Allah Ya yarda. Tun da na hau nan idona yana kan ƙofa. 'Yan'uwana na Disina, idan kun koma kuka gan shi a kasuwa, ba na so ku ba shi labarin jawabi, ba na so ku ce an tafa mini. Ku ce masa kawai Inna ta ajiye masa kujera, kuma ita ba ta jin kunyar nema sau biyu, za ta sake zuwa.

Allah Ya saka wa waɗanda suka shirya wannan taro da alheri. Allah Ya ƙara wa shugabanninmu lafiya da adalci. Allah Ya tsare dukiyar makiyayanmu daga annoba, Ya albarkaci gonakin manomanmu, Ya sa wa sana'ar matasanmu albarka. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya bar mu da waɗanda suka rage, Ya daidaita tsakaninmu da su tun muna da rai. Duk wanda yake can yana duban hanya yana jiran amsa, Allah Ya isar da saƙonsa ga mai ji. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.