Wutar da Ba Ta da Zafi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tsohon maƙeri ne daga Damari. Da ƙira ta mutu, na shiga koyon gyaran lantarki wajen Sani, sa'an ɗana.

Ranar farko ya ce, "Baba, duba ko akwai wuta a wayar nan." Na kai hannu kusa kamar a maƙera, ban ji zafi ba, na damƙe. Ta maka ni da ƙasa! Wata biyar ke nan, tsani kawai nake riƙe masa, wai, "Baba, je ka huta."

Ba zan huta ba. Na sayi testa ta gwada wuta, na san jar waya, na san baƙa. Masu sauraro, yaya zan yi Sani ya bar ni in hau tsanin nan?