Ba mu ko kwance igiya ba

Salamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya.

Ni mushen lakkol ne, wato malamin makaranta, an maido ni garin Tawa daga Barmu. Na ga an rubuta a wani bango: "Ɗaki biyu na haya, ga mutumin kirki." Maigidan ya dube ni, ya ce na cika sharaɗi.

Ranar tarewa muka iso da amalanke. Yana ganin jakunkunan fata na matata sai ya jawo ni gefe: "Mushe, ashe iyalin Buzuwa ce? Ka san zamanin tawaye ne, kada sojoji su zo mini bincike."

Ba mu ko kwance igiyar kayan ba, ya hana mu ɗakunan. Sati uku ke nan muna kwana cikin aji da 'ya'yanmu huɗu, ranar Litinin kuma ɗalibai za su dawo daga hutu.

Masu sauraro, a wannan dimokuraɗiyya tamu, wa ake kai wa irin wannan ƙara? In kuma akwai mai gidan da jakar fata ba ta firgita shi, ina nan lakkol.